Rigar Roba Ta Mai Juna Biyu Ba Ta Gagari Keken Gida Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku baki ɗaya, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami, alhali duk macen da cikinta ya tsufa a lokacin sanyi ta san nauyinsa. Maganar tufafi ce, musamman doguwar riga ta yadi mai roba, wato yadin nan mai miƙewa irin na singileti da tishat da suwaita, da kuma yadda mace za ta ɗinka wa kanta ita a ɗakinta da keken da take da shi.

Mai juna biyun da sanyi ya riska tana fama da abu biyu a lokaci guda. Kayanta na yau da kullum sun daina shiga, kayan sanyin kuma da ma an yi su ne don su kama jiki kada iska ta sami hanya. Sai ka ga ta ari suwaitar maigida, kafaɗa tana zubowa har dantse amma duk da haka gaban rigar yana ɗagewa, ko ta sayi rigar da ta ninka girmanta ta yi ta iyo a ciki, ko kuma ta kai yadin da ba ya miƙewa a ɗinka mata da zif, ta sa mako biyar ko shida zif ya ƙi rufuwa. Riga ɗaya ta yadi mai roba, idan an yanka ta da hankali, tana iya ɗaukar mace tun daga wata na huɗu har ta haihu, ta kuma ci gaba da sa ta tana shayarwa. Abin da ke hana mata da yawa gwadawa shi ne wata magana da ta yaɗu har ta zama kamar doka, wai irin wannan yadi ba ya ɗinkuwa sai a kamfani, wai keken gida tsallake shi yake yi. Na daɗe ina jin wannan magana daga bakin waɗanda suka fi ni daɗewa a kan keke, kuma ina ganin an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kalmar saƙa a bakinmu ta haɗa abu biyu da ba iri ɗaya ba ne, kuma ina jin daga nan ruɗanin ya faro. Yadin da muka saba ɗinkawa zare biyu ne, na tsaye da na kwance, suna ratsa juna, shi ya sa ba ya miƙewa, kuma shi ya sa bakinsa ke zarewa idan an yanka. Yadi mai roba kuwa zare ne da ake lanƙwasawa a sarƙa shi cikin kansa, maɗauki cikin maɗauki, daidai yadda mai tsinken saƙa ke yin hular jariri, sai dai na'ura ce ke yi kuma idanun ƙanana ne ƙwarai. Idan aka ja shi, maɗaukan ne ke buɗewa, idan aka saki su koma. Ba sabon abu ba ne ko kaɗan, domin tun a 1589 wani ɗan Ingila mai suna William Lee ya ƙera na'urar saƙa safa, kuma sunan jesi da ake kiran mafi yawan irin wannan yadi da shi ya samo asali ne daga tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa, inda aka shahara da saƙar ulu. An daɗe ana kallonsa a matsayin yadin kayan ciki na maza kafin mai tsara tufafin nan ta Faransa, Coco Chanel, ta fara ɗinka wa mata kayan fita da shi a wajen 1916. Ita kuwa robar da muke faɗa, wani siririn zare ne da Joseph Shivers ya samar a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, wanda ake rubuta sunansa a jikin tufafi da spandex ko elastane ko Lycra. Ba a zuba shi da yawa, kashi 5 cikin 100 ma ya isa ya sa auduga ta riƙa komawa yadda take bayan an ja ta. Wanda ya fahimci cewa sarƙar maɗaukai ce a ƙarƙashin allurarsa zai gane dalilin da ya sa dabarun da ya saba da su ba sa aiki a kanta.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin in gane haka. A cikina na biyu na sami yadin jesi na auduga, shuɗi mai duhu, mai laushi, na yanka shi yadda nake yanka kowane yadi, na ɗinka da allurar da ke kan keken da miƙaƙƙen ɗinki mai ƙananan taku, ina ganin hakan zai fi ƙarfi. A kan tebur rigar ta yi kyau. Ranar da zan sa ta, ina zura kaina ta wuya na ji ɗas, ɗas, ɗas, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kafin in sauke ta kan cikin layin da ke ƙarƙashin ƙirji ya buɗe kusan taƙi guda. Ƙasan rigar kuma ya yi ta hawa da sauka kamar igiyar ruwa, ya ƙi kwanciya duk gugar da na yi masa. Na gyara da hannu na ci gaba da sa ta a cikin gida, amma bayan wanki na uku sai ga ƙananan huda sun jeru a gefen kowane layin ɗinki, wasu ma sun fara tsiyaya ƙasa kamar yadda safa ke yi. A lokacin na ɗora wa yadin laifi. Sai daga baya, da wata tsohuwar mai ɗinki ta ɗaga rigar a haske ta ce in kawo mata allurar ta gani, na fahimci cewa kurakurai uku na tafka, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi ingancin yadin.

Na farko allura ce. Allurar da muka saba da ita tana da tsini mai kaifi wanda ke huda zare, kuma idan ta yanke maɗauki ɗaya a yadi mai roba, sarƙar ta sami ƙofar warwarewa ke nan, hudar da na gani bayan wanki ita ce shaidar haka. Akwai allura mai ɗan dunƙulallen baki wadda ke ture zaren gefe ta wuce ta tsakaninsu, a jikin fakitinta ana rubuta Jersey, akwai kuma wadda ake rubuta wa Stretch, ita ta fi dacewa da yadin da robarsa ke da yawa. Lamba 75/11 ko 80/12 ta wadatar ga yadi mai matsakaicin kauri, 90/14 kuma ga mai kauri irin na suwaita. Tsallaken da ake kuka da shi ma daga nan yake tasowa, domin yadin yana biyo allura sama idan za ta fita, sai zaren ya kasa yin ɗan lanƙwasar da ƙugiyar ƙasa ke kamawa, taku ya faɗi babu ƙulli. Allurar Stretch an yi mata ɗan rami mai zurfi a bayan idonta don ƙugiyar ta matso kusa ta kama zaren. Abin daɗin shi ne waɗannan allurai suna da gindi mai ɓari ɗaya a shafe, irin na kekunan gida, wanda ake wa lamba 130/705H, don haka suna shiga mafi yawan kekunan gida, har da baƙin keken ƙafa irin na iyayenmu.

Na biyu shi ne irin ɗinkin. Idan yadi yana miƙewa amma layin da ya haɗa shi ba ya miƙewa, dole ɗaya ya ba da kai, kuma zare ne ke tsinkewa. Wadda kekenta ke yin zigzag ta huta, sai ta ƙuntata faɗinsa zuwa milimita 1 ko ƙasa da haka, tsawon taku kuma milimita 2.5, daga waje zai yi kama da miƙaƙƙen ɗinki amma yana da wurin buɗewa idan an ja. Zaren ya zama na foliyesta, domin yana ɗan ba da kai, na auduga zalla kuwa tsinkewa yake yi nan take. Keken wibin da ke ɗaure bakin yadi yana sauƙaƙa aikin, ba na musu, amma ba sharaɗi ba ne, tunda bakin yadi mai roba ba ya zarewa, ko an bar shi haka babu abin da zai same shi. Wadda kuma keken ƙafa kaɗai gare ta, ba zan yaudare ta in ce aikinta zai yi sauƙi kamar na sauran ba, amma zai yiwu. Ta tsawaita taku zuwa milimita 3, ta ɗan ja yadin daidai wa daida ta gaba da ta baya yayin da yake wucewa ƙarƙashin allura, yadda idan ta saki zaren zai sami sarari, sannan ta sake bin layin da ɗinki na biyu kusa da na farko. Layukan tsaye, irin na gefe da na hannu, ba sa shan ja sosai, don haka wannan ya ishe su. Waɗanda ke zagaye jiki, wato wuya da ƙarƙashin ƙirji, su ne masu haɗari, kuma maganinsu shi ne a buɗe wuyan yadda kai zai wuce ba da kokawa ba, ko a ɗinke su da hannu da ɗinkin baya-baya mai sassauci.

Na uku hannuna ne da nauyin ƙafar da ke danne yadi. Igiyar ruwan da ƙasan rigata ya yi ta faru ne saboda haƙoran keke suna jan shafin ƙasa, ƙafar tana tare na sama, ni kuma ina ƙara turawa, sai yadin ya miƙe aka ɗinke shi a miƙe. Idan keken yana da abin rage nauyin ƙafar, a rage. Idan babu, a shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashin yadin a ɗinke tare, a yage ta daga baya. Kuma kada a bar sauran yadin yana reto daga bakin tebur, domin nauyinsa kaɗai ya isa ya ja layin ya karkace.

Zaɓen yadi kuwa ba a yin sa da ido kawai. Ina ba kowace mace shawara ta riƙe tef ɗin awo idan za ta saya. Ta ninka yadin ta faɗinsa, ɗan nesa da inda aka yanka, ta kama santimita 10 tsakanin yatsunta ta ja a hankali har ta ji ya fara ƙi. Idan ya kai 15, yana miƙewa da rabin tsawonsa ke nan, kuma a ganina wannan shi ne mafi ƙarancin da ya kamata a nema wa rigar mai ciki idan ana so ta bi jiki. Sannan ta saki ta sake aunawa, domin komawar ta fi miƙewar muhimmanci. Yadin da ya tsaya a 11 ya ƙi komawa 10 zai yi buhu a gaba da gwiwar hannu tun kafin a haihu, bayan haihuwa kuma sai dai a yi tsumma da shi. Ta kuma ɗaga shi a haske tana jan sa, saboda akwai yadin da ke da duhu a kwance amma idan ya hau kan ciki ya miƙe sai ya zama shara-shara. Jesi mai fuska ɗaya, wanda bakinsa ke naɗewa da zarar an yanka, shi ya fi yawa kuma shi ya fi wahalar da sabon hannu. Akwai mai fuska biyu iri ɗaya da ake kira intalok, ba ya naɗewa, ya fi kauri da ɗumi, da shi nake so mai koyo ta fara. Akwai wanda bayansa ke da ƙananan maɗaukai kamar tawul, yana riƙe ɗumi ba tare da ya yi nauyi ba, akwai kuma mai layi-layi da ake yin bakin wuya da bakin hannu da shi. Inda ake rubuta nauyin yadi, giram 200 zuwa 250 a kowace murabba'in mita shi na ga ya fi dacewa da doguwar rigar sanyi, ƙasa da haka ya fi kama da singileti.

A nan akwai kuskuren da masu son kyautatawa ke yi, wato su nemo wa mai ciki yadi mafi kauri da za a samu don kada sanyi ya kama ta. Jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100 ko fiye, jikinta kuma yana aiki fiye da yadda ya saba, shi ya sa za ka tarar kowa a ɗaki yana rawar ɗari ita tana neman a buɗe taga. Riga mai kauri ƙwarai, musamman ta foliyesta zalla, za ta haɗa mata gumi, gumin ya huce a jikinta ta fi jin sanyi, ga kuma ƙaiƙayin fatar ciki da ke miƙewa. Auduga mai ɗan roba, mai matsakaicin kauri, da wata 'yar rigar sama buɗaɗɗiyar gaba da za ta iya cirewa idan rana ta ɗaga, sun fi mata riga ɗaya mai nauyi. Kuma tunda lokacin sanyi lokaci ne na matsawa kusa da wuta, ya kamata a san cewa foliyesta da akirilik narkewa suke yi su manne wa fata idan wuta ta taɓa su, auduga mai gashi-gashi tana saurin kamawa, ulu ne ya fi jinkirin ci. Wannan ma dalili ne na tsuke hannun riga, abin da yadi mai roba ke ba da dama a yi ba tare da an takura ba.

Inda aikin yake da gaske shi ne yanka, kuma a nan ne nake ganin ko ƙwararrun teloli suna zamewa, domin suna ɗaukar mai ciki kamar macen da ta yi ƙiba. Kafaɗar mace ba ta faɗaɗa don ta sami juna biyu, tsawon hannunta ma yana nan. Abin da ke sauyawa shi ne ƙirji da haƙarƙari da gaban jiki, kuma kowanne da lokacinsa. Mahaifa tana leƙowa saman ƙashin mara a wajen mako na 12, ta kai cibiya a wajen mako na 20, ta isa kusa da ƙahon zuci a wajen mako na 36. Duk wadda ke zuwa awon ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya tana ɗora tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, kuma daga mako na 24 adadin santimitar yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da adadin makonnin, da bambancin ɗaya ko biyu. Wannan tef ɗin ɗan'uwan na tela ne, kuma abin da yake faɗa wa mai ɗinki shi ne gaban jiki tsawo yake ƙarawa, ba faɗi kaɗai ba. Rigar da aka ƙara wa faɗi aka bar tsawon gaba daidai da na baya, ita ce ke ɗagewa ta gaba tana jan ƙasa ta baya a wata na takwas. Haƙarƙari shi ma yana buɗewa, zagayen ƙirji yana iya ƙaruwa da santimita 5 zuwa 7, ban da girman mama, don haka robar da aka sa wa riga a ƙarƙashin ƙirji aka auna ta daidai a wata na huɗu za ta zama igiyar shaƙa a wata na takwas, ta tayar da ƙwannafin da da ma yana nan yana jira.

Hanyar da nake bi ba ta buƙatar sayen komai. Ina ɗaukar tishat ɗin da ta zauna mini daidai a kafaɗa, in ninka ta biyu, in kwantar da ita a kan takarda in zana wuya da kafaɗa da hammata. Ku gafarce ni, Edita, tsohuwar jaridarku ma tana wannan aiki bayan an gama karanta ta, shafi biyu a manne sun isa. Daga nan akwai zaɓi biyu. Mafi sauƙi shi ne a yanke saman rigar ɗan ƙasa da mama, a haɗa masa siket mai tattara wanda faɗin gabansa ya ninka na saman sau ɗaya da rabi, a tara yawancin tattarar a tsakiyar gaba, a bar baya kusan a shafe don kada mace ta yi kama da tanti, a kuma ƙara wa tsakiyar gaba tsawon santimita 6 zuwa 8 da zai lanƙwasa a hankali ya haɗu da gefe. Ɗaya hanyar ta wadda ke son riga mai bin jiki ce: a tsaga takardar gaba a kwance daidai cibiya, a buɗe ta santimita 10 zuwa 15, sannan a tattare gefen gaban daga ƙarƙashin mama zuwa ƙugu da siririyar roba har tsawonsa ya yi daidai da na baya. Wannan tattarar gefe ita ce ma'ajiyar yadi, tana kwance a wata na huɗu, tana warwarewa da kanta yayin da cikin ke girma, ta sake tattaruwa bayan haihuwa. Ko wace hanya aka bi, ɓangaren yadin da ya fi miƙewa shi zai zagaye jiki, kuma a yanka a shimfiɗe a kan tebur ko tsabtataccen daɓe, da wani abu mai nauyi a danne maimakon fil da yawa.

Wuya shi ne ke tona asirin rigar gida. A yanko ƙyallen bakin wuya ta ɓangaren da ke miƙewa, ya gaza zagayen wuyan da kusan kashi 15 cikin 100, wato idan wuyan santimita 60 ne ƙyallen ya zama 51, idan kuma mai layi-layi ne a ƙara ragewa kaɗan. A raba wuyan gida huɗu da alli, a raba ƙyallen haka, a haɗa alama da alama, a riƙa jan ƙyallen kaɗai yayin ɗinki, ba a jan rigar. A layin kafaɗa kuma a saka siririn ƙyallen da ba ya miƙewa a ɗinke tare, in ba haka ba nauyin doguwar riga zai yi ta jan kafaɗar har hannu ya sauko ya rufe yatsu. Wadda ta yi tunanin gaba za ta yi gaban rigar shafi biyu masu haye juna, domin ranar da jariri ke kuka cikin sanyin asuba za ta janye shafi ɗaya kawai ta ba shi mama, ba sai ta ɗage riga duka iska ta daki bayanta ba. Kalmasar ƙasa ita ce ta ƙarshe, kuma a yi alamarta rigar tana jikin mai ita, bayan an bar ta a rataye kwana ɗaya yadin ya gama saukowa.

Na san akwai masu cewa yadi mai roba yana manne wa jiki yana fito da surar mace, musamman mai ciki, don haka ba su ga dalilin ƙarfafa shi ba. Damuwarsu tana da tushe, amma laifin na yanka ne da na zaɓen yadi. Siririn jesi da aka yanka ƙasa da awon jiki dole ya manne, haka aka nufa da shi. Intalok mai kauri da aka yanke ƙarƙashin ƙirji aka sake shi da tattara yana zuba ne kamar kowace doguwar riga, bambancinsa kawai shi ne ba ya cizon hammata idan an ɗaga hannu, ba ya kuma matse ciki idan an zauna ko an sunkuya. Wannan ma wata fa'ida ce ta ɗinkin gida, domin mace ce ke yanke wa kanta iyakar faɗi da tsawo, ba abin da ta tarar a rataye ba.

Abu ɗaya nake so in ja kunne a kai, tunda mai ɗinki takan riga kowa lura da sauyin jiki. Idan hannun rigar da ke daidai jiya ya matse yau, fuska da yatsu sun kumbura farat ɗaya, musamman tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, wannan ba aikin almakashi ba ne, asibiti za a nufa a ranar. Haka ma ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, wanda ke ƙaruwa da dare, kada a ɗora wa yadi laifinsa a yi shiru, a faɗa wa ma'aikatan lafiya.

Kula da rigar ba shi da wuya, amma yana farawa ne tun kafin a sa almakashi. A wanke yadin a shanya shi yadda za a riƙa wanke rigar, domin jesin auduga yana tsukewa, galibi ta tsawo, wani kuma yana murɗewa, gara ya gama halinsa kafin a yanka. Ruwan zafi da bilic da dutsen guga mai zafi ƙwarai suna kashe robar. A shanya a inuwa a kwance ko a ninke a kan igiya, a kuma ajiye ta a ninke, domin rataya na dogon lokaci tana tsawaita ta. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a yi ɗinkin a tsakiyar ciki, bayan laulayi ya lafa kuma kafin sunkuyawa kan tebur ta zama aiki.

Roƙona gare ku, Edita, shi ne shafin mata na wannan jarida ya ba irin wannan ilimi wuri, ko da sau ɗaya ne kafin sanyi ya shigo, ba hotunan sababbin yayi kaɗai ba. Ina kuma kira ga masu koyar da ɗinki su daina tsallake yadi mai roba a darasinsu, ko su bar shi sai ƙarshen zango lokacin da ɗalibai suka fara watsewa, masu sayar da kayan ɗinki kuma su riƙa ajiye allurar Jersey da ta Stretch kusa da yadin, su faɗa wa mai saye cewa tare suke tafiya. Idan har kun amince za ku buga zanen yankan, don Allah ku sa ɗan murabba'i mai santimita 5 a gefensa tare da awon kowane layi, saboda zane yakan ƙanƙance ko ya ƙaru wajen bugawa, mai karatu kuma tana buƙatar abin da za ta ɗora tef a kai ta tabbatar kafin ta taɓa yadinta.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya.

Taku,
Wata uwa mai ɗinkin gida, mai karanta jaridarku.